Ƙwanƙwasa a ƙafar gaban BMW Z4: yadda muka bi sawunta har kan shakazoba

Motar BMW Z4 ce, zubin farko da ake kira E85, samfurin 3.0i mai silinda shida a jere. Daga 2002 zuwa 2008 aka ƙera irinta a masana'antar kamfanin da ke Spartanburg a Amurka, wannan kuwa 'yar Beljiyam ce, wato an yi amfani da ita a ƙasar waje kafin a shigo da ita. Kujera biyu gare ta, rufinta na tamfol ne mai naɗewa, cikinta dab da ƙasa. Ƙorafin da aka kawo ta da shi ƙara ce a gaba: ƙwas-ƙwas-ƙwas, gajera, busasshiya, ta ƙarfe da ƙarfe, kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Mai motar ya rantse a bayan dashbod take, saitin rediyo. Kafin ta iso hannunmu an riga an sauya shakazoba biyu na gaba, da linkej biyu, da bushin hannun ƙasa, har an kwance rabin dashbod an cusa soso. Ƙarar tana nan daram.

Ƙafar gaban wannan mota kusan ɗaya take da ta E46, wato BMW jerin 3 na wancan zamani, abin da ya sa kayanta ba sa wuyar samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Shakazoba da sifirin a haɗe suke, tsaye, gindinsu a maƙale jikin ƙarfen da ke riƙe da taya, kansu kuma yana shiga wani mazauni na roba mai boris a tsakiya, wanda noti uku ke ɗaure shi da ƙoƙon bodi. A ƙasa akwai hannu ɗaya na alminiyam, lowa am, mai bol-joyin biyu, da bushi babba a ƙarshensa na baya wanda aka cika cikinsa da ruwa. Sitabilaiza, sandar ƙarfe mai rage kwanciyar mota a kwana, ta ratsa daga hagu zuwa dama, kowane ƙarshe nata linkej ne ke haɗa shi da jikin shakazoba. Abin da Z4 ta fi E46 da shi a nan shi ne wasu ƙarafan tokari biyu a ɗakin inji, kowanne ya taso daga ƙoƙon shakazoba ya je ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiyar bangon da ya raba inji da direba. A riƙe zancen waɗannan ƙarafa, domin su ne suka yi ta ɓatar da mutane.

Motar gudu ta fi motar gida tona asirin ƙafarta. Sifirin ɗinta gajeru ne masu tauri, robobinta ba su da laushi, tayarta siririn gefe ce. Daga kamfani ma da tayoyin nan masu taurin gefe ta zo, waɗanda ake iya ci gaba da tafiya a kansu ko sun yi faci, shi ya sa ba ta da safaya. Wasan milimita ɗaya da babbar mota mai taya jibgegiya za ta haɗiye, a nan kai tsaye yake zuwa kunnenka.

Kafin a taɓa sifana na zaunar da mai motar. Tambayar da ta fi amfani ita ce ko ƙarar da yake ji yanzu ita ce wadda yake ji kafin a sauya shakazoba. Ya yi jim, ya ce: "Gaskiya, Malam, waccan ta fi kauri. Gwaf take yi in na faɗa rami. Wannan siririya ce, kuma ba ta barin mutum ya huta." Ke nan ƙara biyu ce, ba ɗaya ba. Ta farko ta tafi da tsohuwar shakazoba, ta biyu ta zo bayan aikin. Wannan bai isa hujja ba, don sau da yawa babbar ƙara ce ke danne ƙarama, sai an kashe ta sannan ƙaramar ta fito fili. Amma dai ya nuna inda za a sa ido.

Daga nan muka kwashe komai. Akwatin dashbod, aljihunan ƙofa, kwabbai, makullai, gilashin ido, duk waje. Batirin wannan mota a but yake, na duba abin da ke danne shi, a ɗaure yake. Na duba maƙallan rufi, na cire allon tare iska da ke bayan kujeru. Na auna iskar taya huɗu na daidaita da abin da ke rubuce a takardar jikin ƙofar direba, domin masu faci sukan ɗura iska fiye da kima, taya ta zama dutse. Na bi notin wili ashirin da sifanar awo a kan Nm 120 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti).

Sai gwajin tsaye: inji a kunne, giya a firi, ana ɗaga wuta a hankali. Wajen juyi dubu biyu wani abu ya ɗauki zirrr a ƙarƙashi. Farantin alminiyam ne mai tare zafin salansa, ya ci a kewayen noti ɗaya har ramin ya fi notin faɗi. Motocin da suka fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara da yawa haka suke. Washa mai faɗi ta gama da shi. Yaron shago har ya fara murna, amma ba a nan gizo ke saƙa ba: wannan ƙarar juyin inji take bi, wadda ake nema kuwa hanya take bi.

Gwajin hanya shi ne rabin aikin, kuma ba gudu ake yi ba. Ana neman guntun titi guda mai gargada, a yi ta maimaita shi, ana sauya abu ɗaya tak a kowane zuwa. Mun samu wani layi mai tsohuwar kwalta da ta farfashe, ga kuma tudun rage gudu a ƙarshensa.

Tsakanin kilomita 20 zuwa 40 a awa ƙarar ta fi tashi. A kan kwalta mai santsi shiru. A babban rami ko a kan tudun, inda ƙafa ke nutsewa sosai, sau ɗaya take yi ko ma ba ta yi, amma a ƙananan gargada masu bin juna sai ta ɓarke. Na ɗora ƙafa a kan birki kaɗan, yadda zai kama faifai ba tare da motar ta tsaya ba: ƙarar ba ta sauya ba. Wannan ya fitar da birkin gaba daga zargi, domin in takalmin birki ne ke rawa a gidansa, ko fil ɗin kalifa, wato abin da ke matse takalman da faifai, ya ci, da an taɓa birki sai su yi tsit. Na ja birkin hannu haƙori biyu, ina tafiya a hankali. Birkin hannun wannan mota wasu ƙananan takalma ne a ɓoye cikin faifan baya, in sifirin ɗinsu ya karye sukan yi ƙara mai ruɗi. Nan ma babu canji. Na saka giya a firi na bar ta tana gangarawa: tana nan, don haka ba mazaunin inji ko na giya ba ne.

Sai gwajin da ke rarrabe sitabilaiza. Idan tayoyi biyu suka hau abu lokaci guda, sitabilaiza juyawa kawai take yi a cikin robobinta, linkej ba ya ɗaukar wani nauyi. Idan taya ɗaya ce ta hau, sandar na murɗewa, linkej ya sha ja da turi. Saboda haka ƙarar linkej a gargadar gefe ɗaya take fitowa, ta lafa in an hau tudu a miƙe. Na bi layin tayar hagu a kan gargada ta dama a kan santsi, sannan na juya. Da ta hagu ke shan wuya, ƙarar kaɗan ce. Da ta dama ta hau, sai ta cika motar. Inda kwalta ta yi ƙunya-ƙunya daga gefe zuwa gefe, tayoyi biyu na hawa tare, nan ma tana yi. An samu gefe: dama. An kuma samu alamar cewa ba sitabilaiza ba ce.

Wani abu kuma: da sanyin safiya ta fi ƙarfi, in an yi tafiya mota ta ɗumama sai ta ɗan ragu. Man da ke cikin shakazoba yana yin kauri da sanyi, ya ƙara mata ƙarfin riƙo. Duk abin da ƙarfin shakazoba ke bugawa zai fi jin bugun a lokacin.

Duk da haka, daga kujerar direba, kunne na cewa tsakiyar dashbod. Na zauna a kujerar fasinja yaro na tuƙi, har yanzu tsakiyar dashbod.

Muka ɗaga gaban a jak, muka sa mata ƙafafun ƙarfe. Na kama taya sama da ƙasa na girgiza, babu wasan boris ɗin taya. Na kama hagu da dama, yaro ya sa hannu a kan tayarod, sandar da ke kai motsin sitiyari ga taya, na ciki da na waje, babu komai. Na sa dogon ƙarfe tsakanin hannun ƙasa da ƙarfen taya na banƙara, bol-joyin na waje lafiya, na ciki ma haka. Sabon bushin bai tsage ba, ba ya yoyo. In ruwan cikinsa ya zube za ka ga baƙin sawu a jikin gidansa, kuma alamarsa daban ce: gwaf guda in an taka birki, da rawar sitiyari in ana rage gudu a babban titi. Na bi sifirin da yatsa daga sama har ƙasa ina neman karaya. Na leƙa na baya ma, don a E46 da Z4 zagayen ƙarshe na sifirin baya yakan karye ya zauna cikin mazauninsa yana ƙara, ba ka gani sai ka sa fitila. Duk lafiya. Farantin ƙarfafa shasi da ke ƙarƙashin inji notinsa a ɗaure. Robar ƙarƙashi da ta cikin ramin taya babu mai lilo. Na kama shakazobar dama da hannu biyu na jijjiga iya ƙarfina. Ko motsi.

A daidai nan ne aiki ke lalacewa a mafi yawan gareji. An ɗaga mota, an girgiza, ba a ga komai ba, sai a koma canke: a sauya wannan a gani, a sauya wancan a gani. Alhali ɗaga motar ne ya ɓoye laifin. Da zarar taya ta bar ƙasa, sifirin yana buɗewa iya tsawonsa, ya ja shakazoba har ƙarshenta da ƙarfin da ya ninka na hannun mutum sau da yawa. Duk wani giɓi da ke tsakanin sama da ƙasa ya rufe ruf. Bol-joyin ya koma wani kusurwa da ba a nan yake aiki ba, wato ba inda ya ci ba. In gefe ɗaya aka ɗaga, sitabilaiza ta murɗe ta ɗaure linkej tamau, ko ya mutu murus ba zai motsa ba. Mota a kan tayoyinta take ƙara, a kan tayoyinta ya kamata a bincike ta.

Muka sauke ta muka kai ta kan rami, da kyar, saboda ƙasa-ƙasa take, sai da aka shimfiɗa katako a bakin hawa. Nauyinta na kan tayoyi, na shiga ƙasa. Yaro na kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, inji a kashe, ina bin kowace gaɓa da tafin hannu. Tafin hannu ya fi ido a wannan aiki: wasan da ido ba zai gani ba, hannu zai ji shi ɗis. Sitiyarin Z4 na lantarki ne, motarsa a jikin sandar sitiyari take a cikin ɗaki, ban da samfurin M mai amfani da mai. Don haka na duba gaɓar da ke haɗa sandar da rak, wato ƙarfen da ke tura tayoyi hagu da dama, na duba rak ɗin kansa. Babu wasa. Na kama sitabilaiza kusa da linkej na ja sama da ƙasa, shiru.

Duk da haka na cire ta daga lissafi gaba ɗaya, don sabon kaya ba shaida ba ne. Akwai linkej na kasuwa da ke fara ƙara tun a makon farko, akwai kuma wanda aka ɗaure notinsa ƙusar na juyawa tare da shi, bai taɓa zama ba. Noti 16 ne, ana riƙe ƙusar ta baya da siririyar sifana ko ta tsakiya, gwargwadon ƙirar. Na cire linkej biyun ɗungurum, na ɗaure bakin sitabilaiza da igiyar roba yadda ba zai taɓa komai ba. A haka mota na kwanciya a kwana fiye da yadda aka saba, don haka a hankali ake tafiya, kuma iyakarta layin gwaji. Ƙarar na nan yadda take. Linkej da robobin sitabilaiza sun fita daga zargi.

Yanzu saura ƙarafan tokarin nan. Masu irin wannan mota sun san in notinsu ya saki, musamman a mahaɗarsu ta tsakiya, sukan yi ƙwanƙwasa a daidai inda mai motar ke nunawa. Na sa sifana, duk a ɗaure, babu jan ƙura ko sheƙin gogayya a kewayensu. Amma na ɗauki ƙaramar guduma na ɗan ƙwanƙwasa ƙoƙon shakazobar dama, yaro na zaune a ciki, ƙofa a rufe. Na ce ya nuna mini inda ya ji. Ya nuna rediyo. "Oga, a nan ne." Na buga na hagu, ya sake nuna rediyo. Ƙarfen tokari yana ɗaukar duk bugun da ya sauka a kan ƙoƙo ya kai shi tsakiyar bango, bangon kuma faffaɗan ƙarfe ne mara kauri, sai ya amsa. Dashbod ɗin da aka kwance bai ci ba bai sha ba.

Akwai na'urar sauraro mai 'yan maƙallai da ake liƙawa a sassan mota a ji kowanne daban ta abin kunne. Wanda ba shi da ita, tsohuwar wayar salula ta isa. Na naɗe waya a tsumma, na liƙa ta da salatif a jikin ƙoƙon dama nesa da zafin inji, na kunna ɗaukar murya, muka bi layin. Muka mai da ita hagu muka sake bi a gudu iri ɗaya. Sannan a jikin hannun ƙasa na dama, a ɗaure da igiyar roba. A hagu ƙarar daga nesa take. A hannun ƙasa gurnanin taya ya fi yawa. A ƙoƙon dama kuwa kowane bugu ya fito tsaf, mai kaifi. Abin yana sama, ba ƙasa ba.

A saman ƙoƙo abubuwa uku ne ke iya yin haka: notin nan uku na mazauni, mazaunin kansa in robarsa ta rabu ko boris ya mutu, sai babban notin tsakiya da ke riƙe da sandar shakazoba. Noti ukun, masu kai 13, a ɗaure suke. Na ɓalle murfin robar da ke tsakiya. Ga noti a cikin raminsa. Na sa sifanar awo a kan Nm 64, wanda shi ne awonsa, na riƙe sandar da makullin Allen mai kusurwa shida, na ja. Ta yi ƙas nan take. A ɗaure yake.

Da a nan aka tsaya, da an ce cikin sabuwar shakazobar ne ya lalace, a sake sayen wata. Abin da ya hana shi ne kwatanta gefe da gefe. Na ɓalle murfin hagu na haska fitila. Zaren da ya leƙo a saman notin dama ya fi na hagu da zagaye ɗaya. Sandar M14 ce, wato kaurinta a wurin zare milimita 14, tazarar zarenta milimita 1.5, ke nan notin dama ya sauka ƙasa da ɗan'uwansa da kimanin haka. Shakazoba iri ɗaya, mazauni iri ɗaya, noti iri ɗaya, babu dalilin wannan bambanci. Na hure ƙurar ramin da iska. A hagu, gefen washa ya bayyana a ƙarƙashin noti. A dama babu ita. Sai wata jar ƙura mai laushi a kewaye, irin wadda ƙarfe ke fitarwa in yana gogar ƙarfe a bushe.

Ga yadda abin yake. Saman sandar shakazoba siriri ne, yana da kafaɗa daga ƙasa, zare daga sama, tsakaninsu kuma wuya ne sumul mara zare. Duk abin da aka jera a wuyan, faranti da washoshi da zoben cikin boris, dole kaurinsu ya ɗara tsawon wuyan kaɗan, yadda noti zai matse su da kafaɗar su zama abu guda. In aka manta washa ɗaya, jerin ya gaza. Noti zai yi ta sauka har zare ya ƙare, ya ciji ƙarshen zaren ya tsaya. Sifana za ta ce ya ɗauru, kuma gaskiya ta faɗa, sai dai ba abin da ya matse. Sandar na da 'yancin hawa da sauka cikin boris gwargwadon giɓin da ya rage.

Mota na tsaye, iskar gas da ke cikin shakazoba na tura sandar sama, kafaɗa ta jingina, noti ya ɗan ɗaga. Na zura siririn ma'aunin giɓi a ƙarƙashinsa, ya shige, kusan milimita ɗaya. Taya ta faɗa ɗan gurbi, shakazoba ta riƙe, ta fizgo sandar ƙasa, noti ya daki boris: ƙwas. Taya ta dawo sama, kafaɗa ta daki faranti: ƙwas. Duk lokacin da ƙafa ta sauya alkibla sai an yi bugu ɗaya. Shi ya sa babban tudu, mai hawa ɗaya da sauka ɗaya, bai cika tayar da ita ba, ƙananan gargada kuwa suke mai da ita ganga. Shi ya sa sanyin safiya ke ƙara ta. Shi ya sa kuma a kan jak ba a ganin komai, don sifirin ya ja notin ya manne da boris.

Danna gaban mota da hannu bai fito da ita ba, sifirin ɗin sun fi ƙarfin haka. Sai muka sa katako mai kaurin santimita biyar, muka hau da tayar dama, aka buɗe bonet, inji a kashe, mutum ɗaya a ciki ƙafarsa kusa da birki. Na ɗora yatsa a kan sandar, aka tura motar ta sauko daga katakon. Sandar ta nutse ƙarƙashin yatsana ta dawo, da ƙarar da muke nema.

Ana iya kwance wannan noti mota na ƙasa, tunda nauyinta na danne sifirin, a zura washa a mayar. Wanda zai yi haka kada ya kuskura a ɗaga motar ko a jijjiga ta noti na kwance, domin shi kaɗai ke riƙe da sifirin. Ni dai ban bi wannan hanya ba. Abin da ya daɗe yana dukan boris ya riga ya yi ɓarna, sai an fito da shi a gani.

Kafin kwancewa na zagaye noti ukun da alƙalamin fenti, don ramukansu dogaye ne kaɗan, kuma matsayinsu ne ke riƙe da kwanciyar taya. Mazaunin asali yana da ɗan fil da ke shiga wani rami ya tsayar da shi, amma wasu na kasuwa ba su da shi. Aka cire taya, aka zare wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, da tiyon birki daga maƙallansu, aka tallafe hannun ƙasa da jak don kada nauyi ya rataya a kan tiyo. Aka kwance ƙusar da ke matse gindin shakazoba, aka ɗan buɗe bakin ƙarfen, aka sassauta jak har gindin ya fita, sannan noti ukun sama, mutum ɗaya na riƙe.

Matse sifirin ba wurin nuna jarumta ba ne. Abin matsewa biyu, ɗaya daura da ɗaya, ana ɗaure su bi da bi, kan shakazoba na kallon bango ba mutum ba. Masu ɗaure shi da waya ko igiya, ko su taka da ƙafa su kwance noti, Allah ne kawai ke tsare su. Sai sifirin ya saki farantinsa yana juyawa da hannu sannan a taɓa notin tsakiya.

Da aka zare, saman zoben boris ya yi sheƙi, ya ɗan lotsa inda noti ke sauka. Na juya boris da yatsa, yana tafiya yana cijewa. Wannan ya tashi daga aiki. Wuyan sandar ya goge amma bai rame ba, na auna shi da na hagu, ɗaya suke. Zagayen ƙarshe na zare ya ɗan murje inda noti ya cije, na gyara shi da dayis, abin yanka zare. Shakazobar kanta na tsayar da ita na danna na ja: riƙo iri ɗaya daga farko har ƙarshe, babu wurin da take wucewa fayau, babu mai a jikinta, ta kuma dawo sama da kanta. Lafiyarta lau. Da wuyan ya rame ko zaren ya tsinke, da sai sabuwa, kuma biyu ake sauyawa tare.

Kayan da aka saya: mazauni biyu, don ba a sa sabo a dama a bar tsoho a hagu, washa, da sababbin notin tsakiya biyu. Notin mai kulle kansa ne, sau ɗaya ake amfani da shi. Washar kuma ba kowace ake tsinta a ƙasan shago ba. Na kwance ta hagu na auna kaurinta da faɗinta aka nemo irinta, mai tauri. Washa mai laushi za ta lotse cikin 'yan watanni, giɓi ya dawo. Hagun da aka kwance shi ya zama abin koyi: na jera kayansa a kan benci yadda suka fito, na jera na dama a gefensu ɗaya bayan ɗaya, har na tabbata babu wani abin da ya ɓace. Kafin a mayar da sifirin na jera komai a wuyan sandar haka nan, na ga saman washa ya haura inda zare ya fara. Wannan dubawar minti ɗaya ce.

Wajen haɗawa, bakin sifirin na sama da na ƙasa dole kowanne ya zauna a gurbinsa cikin robar da aka yi masa, in ba haka ba wata sabuwar ƙara ce. Notin tsakiya da soket mai tsagin gefe ake ɗaure shi, 21 ko 22 gwargwadon kamfanin shakazobar, makullin Allen na riƙe da sandar ta cikin tsagin, har Nm 64. Bindigar iska ba ta da wuri a nan. Tana juya sandar da gudu a cikin sil, robar da ke hana mai fita, tana iya sassauta abin da ke ɗaure a can ciki, kuma ba za ta taɓa gaya maka noti ya cije a ƙarshen zare ba. Haka kama sandar mai sheƙi da filaya: tabo ɗaya ya isa ya yanka sil mai ya fara fita. Bayan an ɗaure na kama zoben boris na gwada, ba ya hawa ba ya sauka a kan sandar, zaren da ya leƙo sama kuma ya yi daidai a gefe biyu.

Aka mayar da ƙafafu, noti uku a kan alamar fenti, linkej biyu suka koma, aka ɗaure su mota na kan tayoyinta a rami. Wili Nm 120. Muka maimaita gwajin katako: sandar ba ta motsa daban da mazauninta ba. Muka bi layin gargada a gudun 20, da 30, da 40, tayar dama a kan mafi munin wuri, wayar na liƙe a ƙoƙo. Gurnanin taya kawai ta ɗauka. An bar motar ta kwana aka sake bi da sanyin safiya, tunda a lokacin ne ta fi yi, nan ma shiru. Daga nan aka kai ta saitin ƙafa, domin duk wanda ya cire shakazobar gaba ya taɓa kwanciyar taya ko yaya ya kiyaye, kuma tayar irin wannan mota ba ta da arha. Na ɗiga fenti a kan notin tsakiya biyu da sandunansu, na ce wa mai motar in ya yi kamar kilomita 500 ya ɓalle murfin ya duba ko ɗigon ya rabu. Soson da aka cusa a bayan dashbod kuma aka ciro shi, don wani ɓangarensa ya toshe bututun iskar na'urar sanyi.